Akwatunan Malam a Aboabo: katunan sakamakon da ba su isa gida ba

A makarantun unguwannin Zangon Kumasi da ke Ghana, ba kowane katin sakamako ba ne yake isa gida. Ranar rufe makaranta akan raba wa yara katunansu, amma kullum sai an sami ragowa a kan teburin malami. Wani ana bin sa kuɗin jarrabawa, aka riƙe nasa sai ya biya. Wani ya san abin da ke ciki, ya ƙi zuwa. Wata kuma tun tsakiyar zangon karatu aka daina ganin ta. Haka katunan ke taruwa a kabad ɗin hedimasta shekara bayan shekara, tare da satifiket ɗin waɗanda suka bar gari kafin sakamako ya fito. Lamarin da zan bayyana ya taso ne daga irin wannan kabad, kuma ya shafi wani tsohon malami a Aboabo, ɗaya daga cikin unguwannin nan, da iyalinsa. Ba zan ambaci sunansa ko na makarantar ba, domin rabin rikicin ma a kan bayyana suna aka yi shi. Malam kawai zan riƙa ce masa, yadda unguwa ke kiran sa. Ni ɗalibinsa ne, kuma ina cikin waɗanda aka kira da abin ya cakuɗe.

Malam ya fara koyarwa a farkon shekarun 1960, jim kaɗan bayan dokar ilimi ta 1961 ta gwamnatin Nkrumah, wadda ta ce karatun firamare da na midil kyauta ne kuma dole ne. A wancan tsarin yaro yakan yi shekara 6 a firamare, ya yi 4 a midil, kuma ga mafi yawan yara takardar gama midil ita ce takardarsu ta ƙarshe a duniya. A 1987 gwamnatin Rawlings ta rushe midil ta kafa JSS, wato ƙaramar sakandare, mai shekara 3. Da aka zo gyara ofis domin sabon tsari, sai aka fito da abin da ke cikin kabad aka jibge a baranda. Wasu takardun sun riga sun tafi wajen masu ƙosai da masu gyaɗa, sauran ana shirin cinna musu wuta. Malam ya ga rubutun hannunsa a kansu, ya ga sunayen yaran da ya sani da gidajensu, ya nemi izinin hedimasta ya kwashe su zuwa gida a buhu.

Da farko niyyarsa ya riƙa mayar wa masu su idan ya haɗu da su. Ya mayar da wasu kuwa. Amma da labari ya bazu cewa Malam yana ajiye tsofaffin takardun makaranta, sai abin ya juya: maimakon su ragu, ƙaruwa suka yi ta yi. Duk gidan da za a rushe a gina bene, ko tsohuwar da ta rasu aka buɗe adakarta, sai a turo yaro da ƙunshi a ce a kai wa Malam. Ta haka ya sami katunan da suka girmi aikinsa, masu ɗauke da sunan Gold Coast, na kafin samun 'yanci a 1957. Ya sami littattafan kyauta da ake bai wa wanda ya zo na ɗaya, da bajen aljihun riga, da hotunan aji, da rasiɗan kuɗi, da takardun shaidar hali. Daga ɓangaren makarantar allo kuma aka kawo masa allunan zayyana na saukar Alƙur'ani da wasu takardun ijaza na hannu, wato shaidar izinin da malami ke bai wa ɗalibinsa. Kafin ya yi ritaya ya cika akwatunan ƙarfe, irin na 'yan makarantar kwana, ya jera su a ƙarƙashin gadonsa.

Abin da ke cikin akwatunan

Na daɗe a kan katunan nan fiye da yadda aikin ya buƙata, domin suna faɗar abin da ban taɓa gani a rubuce game da mutanenmu ba. Ɗauki gurbin sa hannun uba. A kati da yawa dangwalen yatsa ne. A wasu kuwa uban ya rubuta sunansa da haruffan Larabci, rubutu mai kyau na wanda ya saba riƙe alƙalami, ga shi a kan takardar da shi ba ya iya karanta layi ɗaya a cikinta, malamin da ya karɓa shi ma ba lalle ne ya iya karanta sa hannun ba. Mutum biyu masu ilimi, takarda ɗaya, kowa bai san abin da ɗan'uwansa ya rubuta ba. Idan ana maganar yadda Zango ya yi jinkirin rungumar boko, akan ce iyaye ne suka ji tsoron kada a mayar da 'ya'yansu Kirista a makarantun mishan. Gaskiya ne, amma waɗannan katunan shaida ce ta iyayen da suka kai 'ya'yan nasu duk da tsoron, suka kuma sa hannu.

Jerin darussa ma abin lura ne. Akwai lissafi, Turanci, tarihi, tsafta, da Tonanci, wato Twi, harshen Asantawan Kumasi. Babu layin Hausa a kati ko ɗaya, domin Hausa ba ta cikin harsunan da gwamnatin Ghana ke koyarwa a makarantu, har yau kuwa. Yaron da da Hausa ake tashinsa da asuba, da ita yake ciniki, da ita malamin allo ke yi masa fassara, a Tonanci ake ba shi maki. Layin Larabci sai a katunan makarantun Turanci da Larabci yake bayyana, musamman bayan an kafa sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi ta Ghana a 1987. Sai a 2024 Larabcin ya shiga jarrabawar BECE, ta gama ƙaramar sakandare.

Gurbin kwanakin zuwa makaranta ya fi maki faɗar gaskiya. Za ka ga yaro mai ƙoƙari yana ɓacewa idan kakar goro ta zo, domin uban yana buƙatar hannu wajen ɗaura huhu. Za ka ga yarinya tana cikin biyar na farko tun aji ɗaya, a aji biyar kwanakinta su fara raguwa saboda talla, a aji shida kati ya tsaya a zangon karatu na biyu. Sannan akwai ƙunshi guda da Malam ya ɗaure daban da zare. Na yaran da suka bar aji a ƙarshen 1969 ne. Ranar 18 ga Nuwamba na shekarar gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Gidaje da yawa a Zango suka watse, har da na waɗanda a Kumasi aka haife su. An cike katunan yaran nan, an ba su maki, ba wanda ya zo karɓa.

Wasu takardun ba su da shekara, ko ruwa ya cinye ta. A nan rasiɗai suka taimaka ƙwarai: wanda aka rubuta da fam da sule ya riga Yulin 1965, lokacin da sidi, kuɗin Ghana, ya fito, wanda kuma ya ce sabon sidi daga Fabrairun 1967 ne zuwa gaba. Na farkon shekarun 1980 su ma ba sa ɓuya, takardarsu sirara ce, bugun injin juyawa da hannu, wasu ma a bayan takardar da aka riga aka yi amfani da ita. Zamanin ƙarancin kaya ne, da yunwar 1983, da malamai suka yi ta tafiya Najeriya neman aiki.

Halin da muka tarar da su bai yi daɗi ba. Kumasi gari ne mai damina biyu a shekara, Aboabo kuma kowa ya san ta da ambaliya. Akwatin da ke manne da ƙasa ya yi tsatsa daga gindi, takardun ƙasan sun manne da juna. Ƙusoshin maƙala takarda sun yi tsatsa sun huda ta. Gara ta shiga akwati ɗaya. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne waɗanda wani ɗan Malam ya kai shago aka liƙe su da roba mai zafi, da kyakkyawar niyya, don kada su lalace. Ya zaɓi mafi tsufa da mafi kyau. Wannan liƙin ba ya ɓantaruwa ba tare da takardar ta yage ba, kuma a wasu zafin ya sa tawada ta yi dishi-dishi.

Yadda abin ya rikice

Idon Malam ya yi rauni, shekaru sun haura tamanin, sai wani jikansa mai son kakan nasa ya buɗe akwati ya ɗauki hotunan wasu katuna da wayarsa ya sa a Facebook, suna da maki da komai a fili. Ya yi ne don a yaba wa tsohon, aka kuma yaba. Tsofaffin ɗalibai daga Accra, daga Jamus, daga Amurka suka yi ta addu'a. Daga nan hotunan suka shiga rukunonin WhatsApp, inda ba mai iya janyo su. Magana zarar bunu ce.

Mutum uku suka biyo baya. Na farko wata Hajiya ce, babbar 'yar kasuwa, wadda jikokinta suka nuna mata katinta a waya suna dariya. Ita ce ta ƙarshe a aji a wannan zangon, a ƙasa kuma malami ya rubuta da Turanci cewa malalaciya ce, ba ta da niyyar karatu. Rubutun na Malam ne. A shekarar mahaifiyarta ke jinya, ita ke dafa abincin sayarwa kafin ta fito, malamin aji bai tambaya ba. Ta zo gidan da kanta, ta durƙusa ta gaishe shi yadda ɗaliba ke gaida malaminta, sannan ta ce, "Malam, abin da ka rubuta na yafe tuntuni. Amma me ya sa jikokina za su karanta shi?"

Na biyu wani Alhaji ne da katinsa ya nuna shekarar haihuwa dabam da ta takardunsa na aiki, a gurbin garin asali kuma an rubuta wani gari na ƙetaren iyaka. Wanda ba ɗan Zango ba zai ga wannan ƙaramin abu ne. Mu mun san ba haka ba ne. Mutumin da kakansa ma a Kumasi aka haife shi yakan sha tambayar asali a wajen neman fasfo ko katin shaidar ɗan ƙasa na Ghana, saboda sunansa kawai. Tun da kotun ƙoli ta ce a 2020 takardar haihuwa ba hujjar zama ɗan ƙasa ba ce, mutane sun ƙara kaffa-kaffa da duk takardar da ke ambaton asali. Katin makaranta ba shaidar ɗan ƙasa ba ne a doka, amma a hannun mai neman ɓata ka ya isa a yi maka surutu da shi.

Na uku wani dillalin kayan tarihi ne daga Accra. Katunan Gold Coast da hotunan aji yake so, amma idonsa ya fi karkata ga allunan zayyana. Ya yi tayi mai tsoka, a daidai lokacin da ake neman kuɗin aikin idon Malam. Nan gidan ya rabu. Babban ɗan yana ganin takardun da aka zubar a baranda, mahaifinsu ya ɗauke su ya ɗawainiya da su fiye da shekara talatin, sun zama nasa, in ya sayar halal ya ci. Babbar 'yar kuwa ta ce ba za a sayar da sunayen mutane ba. Ba na zargin ɗan. Buƙatar gaske ce, kuma hujjarsa ba ta banza ba ce.

Zaman da aka yi

Aka zauna a zauren gidan da limamin unguwa. Ɗan ya kawo hukuncin tsintuwa: a yi cigiya shekara guda, in mai abu bai fito ba, wanda ya tsinta yana da damar amfani da shi. Liman ya ce ai ana cigiya ne idan ba a san mai abu ba, wannan kuwa kowace takarda sunan mai ita na rubuce a goshinta, wasu ma har da lambar gida. Don haka ajiya ce, ajiya kuwa ta mai ita ce ko ta magadansa, komai daɗewa. Ya ƙara da cewa suturta abin kunyar Musulmi wajibi ne, allo mai ayoyin Alƙur'ani kuma ba abin da za a miƙa wa wanda ba a san inda zai rataye shi ba ne. Wata jikar gidan mai karatun lauya ta tunatar da cewa dokar kare bayanan mutane ta 2012 ita ma ba ta yarda a watsa irin waɗannan bayanai ba tare da yardar mai su ba. Fiƙihu da dokar ƙasa suka haɗu a wuri ɗaya, aka sallami dillalin. Kuɗin asibiti tsofaffin ɗalibai ne suka haɗa da suka ji labari.

Aka ba mu aikin rarrabewa. Wanda mai shi ke raye, a kai masa nasa, a tambaye shi ko ya yarda a ajiye hoto. Wanda ya rasu, a nemi magada. Abin da aka kawo wa Malam kyauta da baki, nasa ne, amma shi ma ba za a nuna suna ba sai da izini. Mun kuma tarar da rajistar shiga makaranta guda biyu da littafin da hedimasta ke rubuta al'amuran yau da kullum. Waɗannan ba na Malam ba ne, ba na yara ba ne, na makaranta ne, aka mayar mata.

Nemo mutane ya fi komai wuya, saboda rubutun suna. Malaman da ba Musulmi ba da kunne suke rubutawa, sai Ibrahim ya koma Braimah, Hadiza ta koma Adisa, Sa'idu ya koma Seidu, yaro ɗaya ya fito da rubutu uku a shekara uku. Sunan mahaifi ma wani lokaci na maigidan da yaron ke zaune a wurinsa ne. Ba don ƙwaƙwalwar Malam ba da ba mu kai ko'ina ba. Akan karanta masa suna da shekara, ya yi shiru kaɗan, ya ce ɗan gidan mahautan nan ne na bayan masallaci, ƙanwarsa tana aure a Asawase. Muka riƙa naɗar maganarsa a waya, muna rubuta lamba da fensir a bayan kowace takarda, muna shigar da lambar da bayanin a babban littafi.

Allunan zayyana sun fi katunan buƙatar wannan naɗar. Katin boko yana da suna, shekara, maki, hatimi. Allon sauka ba shi da ko ɗaya. Ado ne na tawada mai launi, da Fatiha da farkon Baƙara, wanda ɗalibi ya riƙe ranar walima ya karanta a gaban malamai. Idan wanda ya san mai allon ya rasu, allon ya zama na kowa, ba na kowa ba. Malam ya iya gane yawancinsu, biyu ne suka gagare shi. Takardun ijaza kuwa su ke ɗauke da tarihinsu, domin suna jera sunan malami da malaminsa da malamin malaminsa. Irinsu ne masu bincike a cibiyar nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana da ke Legon suka tattara a shekarun 1960, abin da ya nuna tun tuni an san darajarsu a wajen Zango.

Gyaran ajiya bai ci kuɗi sosai ba. Muka cire duk wani ƙarfe da salatif, muka shanya masu danshi a inuwa, muka sa farar takarda tsakanin kati da kati, muka naɗe kowane ƙunshi da farin ƙyallen auduga. Akwatunan aka ɗora su a kan katako nesa da ƙasa da bango. Hoto kuma da hasken rana muke ɗauka, gaba da baya, domin sau da yawa abin da uba ya rubuta a baya yake.

Abin da ya biyo baya

Hajiya ta karɓi nata, ta ce a goge hoton, aka goge a gabanta. Malam ya roƙe ta gafara a gaban 'ya'yansa, abin da ban taɓa zaton zan gani ba. Alhaji shi ma ya karɓi nasa bai bar kwafi ba. Amma mafi yawan mutane da murna suka karɓa, wasu suka ce a riƙe musu asalin, domin a gidajensu ma ɓacewa zai yi. Wani direba da ya yi ritaya ya karɓi satifiket ɗinsa na gama midil. Ya tafi Legas neman aiki kafin sakamako ya fito, ya dawo cikin waɗanda Najeriya ta koro a 1983, bai taɓa komawa ya tambaya ba saboda ya ɗauka faɗuwa ya yi. Ashe ya ci. Ya daɗe yana juya takardar a hannunsa, sannan ya ce da ya sani da aikin gwamnati ya nema.

Akwai inda nake ganin iyalin sun wuce gona da iri. Saboda zafin abin da ya faru, sun hana a nuna komai, har hotunan aji waɗanda babu maki ko sharhi a kansu. A ganina wannan asara ce. Yaran Zango na yanzu, da suke shiga sakandare kyauta tun 2017, ya kamata su ga fuskokin waɗanda suka fara taka hanyar nan, su ga sa hannun kakanninsu da Larabci a kan takardar boko. Ana iya rufe suna da maki a nuna sauran. Na faɗa musu haka, babbar 'yar, wadda makullan ke hannunta yanzu, ta ce a bari ƙura ta lafa.

Ƙunshin 1969 shi ne bai motsa ba. Mun sami dangin kaɗan daga cikinsu ta hanyar 'yan'uwa a Kano da Yamai, aka tura musu hoto, sauran ba wanda ya san inda suka nufa. Ɗan Malam yana son a tuntuɓi ofishin adana takardun ƙasa, PRAAD, reshen Kumasi, a ji ko za su karɓa da sharaɗin rufe sunaye na wasu shekaru. 'Yar tana son su zauna a unguwa, a ɗakin karatun masallaci, inda mai nema zai fi saurin zuwa. Malam ya ce ko ina za a kai su, a fara karanta sunayen a masallatan Aboabo da Asawase da Sabon Zango bayan sallar Juma'a, suna da shekara kawai, ban da maki. Liman ya amince, an kuma ba ni aikin rubuta jerin da haruffan boko da na Larabci domin mai sanarwa ya furta su daidai.